Yadda Ake Neman Tallafin Inshorar Lafiya a Amurka Ba Tare da Hukumar Haraji Ta Biyo Ka Bashi Ba

Wannan bayani na 'yan'uwa ne mazauna Amurka waɗanda wurin aikinsu bai ba su inshorar lafiya ba: direban Uber ko tasi, mai kitso, mai kula da tsofaffi a gidajensu, mai shago, da sabon zuwa da bai riga ya kama aiki mai gwaɓi ba. Na daɗe ina zama da mutanenmu muna cike waɗannan takardu, kuma kusan duk wanda ya dawo da kuka, matsalarsa ɗaya ce: ya ɗauka tallafin kyauta ce da aka miƙa masa aka wuce wurin. A'a. Tallafin yana kama da takin da manomi ya karɓa bashi a farkon damina, sai kaka ake zama a yi lissafi. Gwamnati tana biyan kamfanin inshora wani kaso a madadinka kowane wata bisa ƙiyasin kuɗin da ka ce za ka samu a shekara. Idan shekara ta zagayo ka zo cike haraji, hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, za ta ɗora abin da ka faɗa a kan abin da ka samu. In ka samu fiye, ka mayar da rara. In ka samu ƙasa, a ƙara maka.

Tsarin ya samo asali daga dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010, wadda kowa ke kira Obamacare, kuma inshorar ta fara aiki a Janairun 2014. Alƙaluman da zan kawo na shekarar 2026 ne. Suna sauyawa duk shekara, don haka ka duba na shekarar da kake ciki kafin ka kafa lissafinka a kansu.

Abubuwan da za ka tanada

Ka tara waɗannan a jaka ɗaya kafin ka buɗe kwamfuta, don shafin neman inshorar yakan fitar da mutum idan ya daɗe bai taɓa komai ba:

- Lambar Social Security ta duk wanda za a yi wa inshora a gidan, da ranar haihuwarsa kamar yadda take a takarda.
- Takardun zama: girin kad, katin izinin aiki, ko takardar zama ɗan ƙasa. Za a nemi lambobin da ke jikinsu, don haka katin kansa ya kasance a gabanka.
- Takardar harajin bara, wato fom 1040, tare da W-2 ko 1099 da aka ba ka, wato takardun da ke nuna abin da aka biya ka a shekara.
- Takardun albashi na makonni huɗu zuwa shida da suka wuce. Mai aikin kansa ya kawo littafin shiga da fita, ko taƙaitaccen lissafin da manhajar tuƙi ke fitarwa.
- Idan wurin aikinka ko na matarka suna ba da inshora, ka samo farashin mafi araha a cikin tsare-tsarensu, ko da ba ka karɓa ba.
- Sunayen likitocin gidan da na magungunan da ake sha kullum.
- Adireshin imel naka na kanka wanda ka san mabuɗinsa. Kada ka yi amfani da na ɗanka ko na abokin zama, domin duk gargaɗin da za a aiko ta nan zai zo.

In ba ka da takardar harajin bara, misali ka shigo ƙasar bana, ba komai. Takardar ɗaukar aiki da ta nuna nawa ake biyanka a awa ta wadatar, ko wasiƙar da ka rubuta da kanka kana bayanin yadda kake samun kuɗi.

1. Ka san ƙofar da za ka shiga da lokacin da take buɗe

Jihar da kake kwana a cikinta ce ke yanke wannan, ba wadda kake aiki ba. Mazauna Texas, Ohio, Indiana da North Carolina suna bi ta HealthCare.gov. Wannan shafi shi ake kira kasuwar inshora. Wasu jihohin suna da nasu shafin: Niyok tana da NY State of Health, New Jersey tana da Get Covered New Jersey, Maryland tana da Maryland Health Connection, Kalifoniya kuma Covered California. In ka rikice, shiga HealthCare.gov ka zaɓi jiharka, zai tura ka inda ya dace. Ka rubuta adireshin da hannunka. Idan ka nema ta Google, tallan dillalai ne ke fara fitowa a sama, da shafuka masu kama da na gwamnati.

Ana buɗe rajista ranar 1 ga Nuwamba. Ka ɗauki 15 ga Disamba a matsayin ranarka ta ƙarshe, domin ita ce ke sa inshora ta fara aiki ranar 1 ga Janairu. A shekarun baya akan bar ƙofa har tsakiyar Janairu, wasu jihohin har ƙarshensa, amma wannan wa'adi ana ta taɓa shi, kada ka jingina da shi.

Wanda lokaci ya wuce shi yana da wata ƙofar ta kwana 60 idan wani abu ya sauya a rayuwarsa: ya rasa inshorar wurin aiki, ya yi aure, an yi masa haihuwa, ya koma wata jiha, ya shigo daga ƙasar waje, ko ya sami takardar zama. Medicaid da CHIP, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi da ta yara, ba su da lokaci. Ko yaushe ana nema.

2. Ka ƙirga mutanen gidanka yadda hukumar haraji ke ƙirgawa

A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. A wurinmu iyali ya haɗa da duk wanda kake ciyarwa. A wurinsu gida shi ne kai, da matarka, da waɗanda ka sa a takardar haraji a matsayin masu dogaro da kai. Abokin zaman da kuke raba kuɗin haya ba ya ciki, ko da tukunya ɗaya kuke ci. 'Ya'yanka da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, in ba 'yan ƙasar Amurka ba ne kuma ba mazaunanta ba, doka ba ta yarda ka ƙirga su ba, ko da kai ne ke biyan kuɗin makarantarsu da cefanen gidan gaba ɗaya. Haka iyaye da ke gida. Yaron da aka haifa a nan aka tura shi gida karatu lamarinsa daban, wannan sai ka zauna da mai cike haraji ya duba.

Sai batun aure. Ma'aurata ba sa samun tallafi sai sun cike haraji tare a takarda ɗaya. Wanda ya zaɓi kowa ya cike nasa daban ya fita daga tsarin, kuma abin da aka biya masa zai zama bashi. Akwai togaciya ga wadda ake cutar da ita a gidan aure ko aka yi watsi da ita, da kuma wanda ya rabu da abokin zamansa a watanni shida na ƙarshen shekara alhali yaro yana hannunsa.

To, wanda matarsa ke gida Afirka fa? Wannan tambaya ba ta ƙarewa. Kada ka rubuta cewa ba ka da aure don ka huta, musamman in kana da niyyar ɗauko ta, saboda takardun harajin nan su ne za ka gabatar a neman bizarta. Hanyar da ake bi ita ce a nema mata lambar haraji ta ITIN da fom W-7, ku cike tare. Sharaɗin shi ne duk abin da take samu a can, albashi ko ribar sana'a, zai shiga lissafi. Wannan aiki ne na ƙwararren mai cike haraji, kuma a fara shi da wuri.

3. Ka ƙiyasta kuɗin shigar shekara mai zuwa

Wannan ne matakin da ya cancanci ka ɓata masa dare guda. Tambayar da ke fom ɗin ba ta bara ba ce, ta shekarar da inshorar za ta yi aiki ce. Ka fara daga layi na 11 na fom 1040 na bara, sannan ka gyara shi da abin da ka san zai sauya.

Abin da ke shiga: albashi kafin a cire haraji, kuɗin ƙarin awanni, tukuicin kwastomomi, ribar sana'a, kuɗin rashin aiki da jiha ke biya, kuɗin Social Security, da hayar gidan da kake karɓa, ko da gidan a Kaduna yake. Abin da ba ya shiga: kyauta, bashi, kuɗin ciyar da yara da tsohon miji ke biya, da tallafin SSI na tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi. Kwasar adashi ma ba kuɗin shiga ba ne, kuɗinka ne da ka zuba ya dawo maka. Kuɗin da kake aikawa gida kuwa ba a cire shi daga lissafi, ko da rabin albashinka ne.

Mai aikin kansa riba zai rubuta, ba jimillar cinikin ba. Ɗauki direba wanda manhaja ta nuna ya yi cinikin dala 70,000 a shekara. Daga ciki kamfanin ya yanki nasa kason, ga kuɗin gada da na waya, ga kuma tafiyar mota, wadda a 2025 hukumar haraji ta yarda a cire santi 70 a kowane mil na aiki. Wanda ya yi mil 30,000 ya cire dala 21,000 ke nan daga wannan kaɗai. Idan ya rubuta 70,000 a fom ɗin inshora ya cuci kansa, ya yi ta biyan kuɗin wata mai yawa. Idan kuma ya rubuta 20,000 don wani a gareji ya ce masa haka ake yi a sami inshora kyauta, ya haƙa wa kansa rami. Abin da za ka rubuta a nan ya zama shi ne abin da kake sa ran zai fito a takardar harajinka. In kuɗinka na hawa da sauka, ka ɗan ɗaga ƙiyasin sama kaɗan. Gara su biyo ka da canji a watan Afrilu da su biyo ka bashi.

Kada ka manta da matarka da ke kitso a gida ko take ɗan aikin kula da tsofaffi. Tunda tare za ku cike haraji, nata ma yana ciki.

4. Ka duba inda ka faɗa a ma'aunin talauci

Gwamnatin tarayya tana fitar da wani adadi duk shekara da take kira layin talauci, kuma da shi ake auna kowa. Na inshorar 2026 shi ne dala 15,650 ga mutum ɗaya, a ƙara 5,500 a kan kowane ƙarin mutum. Gida mai mutum huɗu ke nan 32,150. Alaska da Hawaii nasu ya fi haka.

Wanda kuɗinsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na layin ba, wato kimanin dala 21,597 ga mutum ɗaya ko 44,367 ga mutum huɗu, Medicaid za a tura shi a jihohi 40 da birnin Washinton da suka faɗaɗa shirin. Jihohi goma ba su faɗaɗa ba, cikinsu har da Texas, Jojiya da Fulorida. A can, babban mutum da kuɗinsa bai kai layin talauci ba yakan faɗa tsakiya, ba Medicaid ba tallafi. Ka lura kuma Medicaid kuɗin wata take dubawa, tallafin kasuwar inshora kuwa na shekara.

Daga kashi 100 zuwa 400 nan ne tallafin yake. Kashi 400 shi ne dala 62,600 ga mutum ɗaya, 128,600 ga mutum huɗu. Daga 2021 zuwa ƙarshen 2025 an cire wannan iyaka ta sama, aka kuma ƙara yawan tallafin, shi ya sa mutane da yawa suka saba da biyan sifili ko dala goma a wata. Majalisa ba ta sabunta ƙarin ba kafin wa'adinsa ya cika, sai aka koma tsohon tsari. A tsohon tsarin, dala ɗaya a saman iyakar ta isa ta raba ka da tallafin gaba ɗaya.

Yadda ake lissafin ba shi da wuya. Ana yanka maka kason da za ka biya daga kuɗin shigarka, daga kashi 2.1 ga na ƙasa har zuwa 9.96 ga na sama. Sai a ɗauki tsari na biyu mafi araha a rukunin Silver na yankinku, ɗaya daga rukunan inshora huɗu da za mu gani a mataki na 6, a matsayin ma'auni. Abin da ya rage tsakanin farashinsa da kasonka, shi ne tallafinka. Misali, gida mai mutum huɗu da ke samun dala 64,300, wato ninki biyu na layin talauci. Kasonsu 6.6 cikin ɗari ne, kimanin dala 354 a wata. A ce tsarin ma'aunin a garinsu dala 1,500 ne. Tallafinsu 1,146 ke nan a wata, kuma suna iya ɗora shi a kan duk tsarin da suka zaɓa a rukunan nan huɗu.

Abubuwa biyu kan hana tallafi ko da kuɗinka ya dace. Na farko, inshorar wurin aiki. Idan mafi arahar tsarin da suke ba ma'aikaci shi kaɗai bai wuce kashi 9.96 na kuɗin shigar gidan ba, ana ɗauka kana da inshora mai sauƙi, ko ka karɓa ko ka ƙi. Tun 2023 ana auna iyali daban da farashin tsarin iyali, saboda haka mai yiwuwa kai ba ka cancanta ba amma matarka da yara sun cancanta. Na biyu, takardar zama. A yawancin jihohi wanda ba shi da izinin zama ba ya iya sayen inshora a wannan kasuwa, amma yana iya nema wa 'ya'yansa 'yan ƙasa, kuma fom ɗin ba ya tilasta wa wanda ba don kansa yake nema ba ya faɗi matsayinsa. Shi kansa sai ya nemi asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi gwargwadon ƙarfin mutum, a birnin Niyok kuma akwai NYC Care. Yawancin masu girin kad sai sun cika shekara biyar kafin Medicaid ta tarayya ta karɓe su. A da irin waɗannan suna samun tallafi ko da kuɗinsu bai kai layin talauci ba, amma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe wannan ƙofa daga 2026. Dokar ta kuma ce daga 2027 tallafin zai taƙaita ga 'yan ƙasa da masu girin kad da wasu rukunai ƙalilan. Niyok tana da nata shirin, Essential Plan, wanda ke ɗaukar masu ƙaramin ƙarfi da yawa, har da sabbin masu girin kad. Duk wanda takardunsa ke gaban hukumar shige da fice, ya tambayi lauyansa kafin ya karɓi kowane irin tallafi.

Hajiya da ta zo wankan jego da bizar ziyara ba ta cikin wannan tsari. Inshorar matafiya ake saya mata tun kafin ta taso.

5. Cike fom ɗin

Ka rubuta suna harafi da harafi yadda yake a katin Social Security. In katin ya ce Mahamadou, kada ka rubuta Muhammadu. Na'ura ce ke gwadawa, kuma bambancin harafi ɗaya kan sa ta kasa gane ka. Wanda Turanci ke ba shi wahala ya kira 1-800-318-2596 ya nemi tafinta, kyauta ne. Akwai kuma ma'aikatan da aka horar don taimaka wa mutane cike fom ba tare da karɓar ko sisi ba, ana samunsu a asibitocin unguwa da ƙungiyoyin taimakon baƙi.

Za a tambaye ka nawa kake so a riƙa biya daga tallafin kowane wata. Ba dole ne ka karɓa duka ba. Wanda kuɗinsa ba shi da tabbas ya karɓi kashi uku cikin huɗu, ragowar ta zo masa a lokacin haraji in ya cancanta.

Idan bayaninka bai dace da abin da ke rumbunsu ba, za su ba ka inshorar amma su nemi hujja, yawanci cikin kwana 90. Wasiƙar tana zuwa a farin ambulan mai kama da talla, kuma na sha ganinta a kan firij ba a ko buɗe ba, har sai da aka yanke tallafi kuɗin wata ya tashi daga dala 80 zuwa 700. Ka ɗauki hoton takardun ka ɗora a shafin a makon da aka nema.

Hattara da masu kiran waya ko masu talla a Facebook da ke alƙawarin katin cefane ko kuɗi a hannu in ka ba su bayananka. An sha yi wa mutane rajista ko a sauya musu tsari ba da saninsu ba, don dillali ya ci kamasho, mai sunan kuma ya tarar da bashi a lokacin haraji.

6. Zaɓen tsari

Rukuni huɗu ne: Bronze, Silver, Gold, Platinum. A matsakaici suna ɗaukar kashi 60, 70, 80 da 90 na kuɗin magani. Ido yakan tafi kan Bronze saboda arahar kuɗin wata. A misalinmu na sama, in Bronze dala 1,200 ne, gidan zai biya 54 kacal. Amma ka duba adadin da aka rubuta a gaban kalmar deductible, wato abin da za ka fara kashewa daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu. A Bronze yakan kai dubbai masu yawa.

Ga abin da dillali mai gaggawa ba zai tsaya ya faɗa maka ba. Idan kuɗin gidanka bai wuce kashi 250 na layin talauci ba, akwai rangwame na biyu da ke rage abin da kake biya a asibiti, kuma a Silver kaɗai ake samunsa. Wanda bai wuce kashi 150 ba, Silver ɗinsa kan ɗauki kashi 94, ya fi Platinum. Daga nan zuwa kashi 200 yana ɗaukar 87. Daga 200 zuwa 250 kuwa 73 ne, bai taka kara ya karya ba. A ganina, duk wanda bai wuce kashi 200 ba ya bar Silver ya ɗauki Bronze ya yi asara, balle in akwai mai hawan jini, ciwon suga ko sikila a gidan, ko ana sa ran haihuwa. Wannan rangwame na biyu ba a mayar da shi a lokacin haraji.

Kafin ka danna, ka sa sunan likitanku da magungunanku a shafin ka ga ko tsarin ya ƙunshe su, sannan ka kira ofishin likitan ka tabbatar, domin jerin da ke intanet yakan tsufa. Ba a hana kowa inshora ko a ƙara masa kuɗi don yana da tsohuwar cuta. Mai shan taba dai a yawancin jihohi ana iya ƙara masa har rabin farashi, kuma tallafi ba ya biyan wannan ƙarin.

7. Biyan farko, da kai rahoton duk wani sauyi

Rajista ba ta zama inshora ba sai ka biya kuɗin watan farko, kuma kamfanin inshora ake biya kai tsaye. Ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa. Masu tafiya gida su yi wata biyu ko uku, ko masu zuwa aikin Hajji, su ne suka fi faɗawa wannan. Mai karɓar tallafi yana da rangwamen wata uku in ya yi jinkiri, amma a wata na biyu da na uku kamfani na iya riƙe kuɗin asibiti, kuma in wa'adin ya cika ba ka biya duka ba, an yanke ke nan, sai wata shekara. Rashin biya ba ya buɗe ƙofar kwana 60.

Duk lokacin da wani abu ya sauya, ka shiga shafin ka gyara cikin kwana 30: ƙarin albashi, sabon aiki, matarka ta fara aiki, haihuwa, saki, ƙaura. Ni nakan ce wa direbobi su zauna a ƙarshen Yuni da ƙarshen Satumba su tara abin da suka samu, su gwada da ƙiyasinsu. Wanda ya sami aiki mai inshora ya koma ya soke ta kasuwa da kansa, ba ta tsayawa don ka daina amfani da ita. A Nuwamba kuma kada ka bari a sabunta maka kai tsaye. Tsarin ma'auni yana sauyawa duk shekara, tallafinka kuma yana binsa.

8. Lokacin haraji

Zuwa tsakiyar Fabrairu za ka sami fom 1095-A, ta gidan waya ko a cikin asusunka na shafin. Yana nuna wata-wata farashin tsarinka, farashin tsarin ma'auni, da abin da aka biya a madadinka. Kada ka cike haraji kafin ya zo. Ka duba watannin da sunayen, in akwai kuskure ka kira su gyara. Da shi ake cike fom 8962, wanda ake haɗawa da 1040 kafin 15 ga Afrilu. Duk wanda aka biya wa tallafi dole ya cike haraji, ko da kuɗinsa bai kai na masu biya ba. In ka tura ba 8962, na'urar IRS takan dawo da takardar, wanda kuma ya ƙi yin wannan lissafi ana yanke masa tallafin gaba. Ka faɗa wa mai cike maka haraji cewa kana da inshorar kasuwa tun kafin ya tambaya. In kuɗin biyansa ya yi maka yawa, shirin VITA yana cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa.

Mu koma ga gidan nan mai mutum huɗu. Sun ce 64,300, sai maigida ya yi ta ƙarin awanni, shekara ta ƙare a 80,375, wato kashi 250. Kasonsu ya tashi zuwa 8.44 cikin ɗari, dala 6,784 a shekara maimakon 4,244. Za su mayar da kimanin dala 2,540. In kuwa uwargida ta gama karatun jinya ta kama aiki, jimillar ta haura 128,600 ba su kai rahoto ba, duk abin da aka biya musu, dala 13,752, shi za a nema. Har zuwa harajin 2025 akwai iyaka ga abin da masu ƙaramin ƙarfi ke mayarwa, wanda bai kai kashi 200 ba ba ya wuce dala 375 in shi kaɗai ne, ko 750 ga iyali. Dokar Yulin 2025 ta cire wannan iyaka daga harajin 2026. Yanzu ko nawa ne rarar, duka ake biya.

Idan ka ga ka ɗan haura wata iyaka da kaɗan, akwai gyara na halal. Kuɗin da ka zuba a asusun ritaya na IRA na gargajiya yana rage kuɗin shigar da ake ƙirgawa, kuma ana karɓar zubin shekarar da ta wuce har zuwa 15 ga Afrilu. Mai aikin kansa kuma ya sake bin rasiɗansa, sau da yawa akwai kuɗin aiki da ya manta bai cire ba. In bashin ya tabbata kuma ba ka da shi a hannu, ka tura takardar a kan lokaci duk da haka, ka nemi IRS ta yanka maka biya wata-wata. Tarar ƙin turawa ta fi ta jinkirin biya nauyi nesa ba kusa ba.

9. Tarar zama ba inshora

Har yanzu ana tsorata mutane da wannan, alhali labarin ya sauya. Tarar gwamnatin tarayya ta fara da dala 95 ko kashi 1 na kuɗin shiga a 2014, ta kai 695 ko kashi 2.5 a 2016. Dokar haraji ta Disambar 2017 ta mayar da ita sifili daga 2019. Saboda haka a Niyok, Texas, Ohio, Maryland da mafi yawan jihohi ba wanda zai ci ka tara.

Wurare biyar ne ke da tasu tarar: Kalifoniya, Massachusetts, New Jersey, Rhode Island da birnin Washinton. A takardar harajin jiha ake cire ta. A New Jersey mafi ƙaranci ga babban mutum da ya yi shekara ba inshora dala 695 ne, kuma tana hawa da kuɗin shiga. A Kalifoniya ta 2024 ta fara daga dala 900 ga babba, rabin haka ga yaro, ko kashi 2.5, duk wanda ya fi yawa. Wanda ke zaune a Newark yana tuƙi a Manhattan, dokar New Jersey ce a kansa.

Ana yafe tarar ga wanda giɓinsa gajere ne, a yawancin wuraren nan ƙasa da wata uku, da wanda kuɗinsa bai kai na cike haraji ba, da wanda inshora mafi araha ta fi ƙarfinsa bisa ma'aunin jihar, da wanda ya shiga wani mawuyacin hali kamar korar haya. Yafiyar ba ta zuwa da kanta. A Kalifoniya ana neman ta a fom 3853, a Massachusetts a Schedule HC, a New Jersey kuma ana cike buƙatar a shafin jihar a sami lamba, sannan a rubuta lambar a Schedule NJ-HCC. Wasu nau'o'in yafiyar, kamar ta mawuyacin hali a Kalifoniya, sai an nema daga kasuwar inshorar jihar tukuna, don haka ka fara tun Janairu, ka ajiye takardar korar haya ko ta sallama daga aiki da za ka nuna.